Eriya da Muryar da Take Ɗauka: Daga Filin Mishan zuwa Kasuwar Kilomita Biyar

A Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, akwai wata unguwa da kowa yake kira Kilomita Biyar. An ba ta wannan suna ne domin tsakaninta da tsakiyar gari, inda Faransawa suka kafa alamar fara ƙidayar hanya kusa da kogin Ubangi, kilomita biyar ne. Faransawa sun kafa Bangui a shekarar 1889. A zamanin mulkinsu fatake suka yi ta zuwa, Hausawa da Barebari da Fulani da Larabawan Chadi, har da mutanen Mali da Senigal, suka zauna a wannan gefen gari. Da haka unguwar ta zama babbar kasuwar ƙasar. Bahaushen da ya sauka can ba ya rasa mai amsa masa gaisuwa, ko da yake Sango ne harshen da ya haɗa kowa.

Cikin kasuwar, kamar yadda yake a Sabon Garin Kano ko kasuwar Maradi, akwai masu sayar da wayar hannu da masu gyaranta. In mai gyara ya buɗe bayan waya, za ka ga batir da wani ɗan allo mai zane-zanen jan ƙarfe. A wani lungu kuma akwai ɗan siririn ƙarfe a shimfiɗe, wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Wannan ita ce eriya. Iyayenmu da suka ji Bishara ta akwatin rediyo sun san eriya da wata kama dabam: dogayen ƙarafa a fili, da wayoyi a miƙe tsakaninsu. Yaya aka yi abin da yake cin fili guda ya koma cikin tafin hannu? Labarin yana da tsawo, masu bi kuma suna da hannu a cikinsa tun daga farko. Ƙarshensa ma ya shafe mu.

Dattijon ikkilisiya mai lissafi

An haifi James Clerk Maxwell a birnin Edinburgh na ƙasar Sukotland a shekarar 1831. Malamin kimiyya ne, dattijo ne kuma a ikkilisiyar ƙauyensu. Kafin zamaninsa, Michael Faraday na Ingila, wanda shi ma dattijo ne a wata ƙaramar ikkilisiya, ya nuna cewa lantarki da maganaɗisu 'yan'uwan juna ne: in ɗaya ya motsa sai ya ta da ɗayan. Faraday gwanin gwaji ne, amma bai yi zurfi a lissafi ba. Maxwell ne ya ɗauki abin da Faraday ya gani da ido, ya rubuta shi da ƙa'idodin lissafi, aka buga a 1865.

Da ya bi lissafin har ƙarshe sai ya ga abin mamaki. In lantarki ya ta da maganaɗisu, maganaɗisu kuma ya sāke ta da lantarki, to su biyun za su iya tafiya cikin sarari ba tare da waya ba, kamar yadda igiyar ruwa take bazuwa in an jefa dutse a tafki. Saurin tafiyarsu kuwa kimanin kilomita 300,000 ne a daƙiƙa guda, wato daidai da saurin haske. Maxwell ya rasu a 1879 yana da shekara 48, bai ga tabbacin maganarsa ba. A bisa ƙofar ɗakin binciken da ya fara shugabanta a Jami'ar Cambridge an sassaƙa ayar Zabura 111:2 da harshen Latin. Mai karatu ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya duba ta.

Wani Bajamushe, Heinrich Hertz, shi ne ya tabbatar da lissafin a shekarun 1887 da 1888. Ya ta da tartsatsin lantarki a wannan gefen ɗaki, wani zoben waya a wancan gefen ya amsa da nasa tartsatsin. Abin da ya yi aikin da shi, shi ne eriya ta farko. Marconi kuma, mutumin Italiya, ya ba da labari cewa a ranar 12 ga Disamba 1901 ya karɓi alama daga Ingila yana can hayin tekun Atlantika.

Abin da ya sa eriyar dā take da girma

Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo yana neman tasha ya san maganar mita 19, ko mita 25, ko mita 31. Wannan lamba tsawon igiyar ce, daga tudu ɗaya zuwa tudu na gaba. Eriya kuwa ba ta aiki sosai sai girmanta ya dace da igiyar da take aikawa, yawanci rabin tsawonta ko rubu'insa. Kamar tsarkiyar molo ce: doguwa tana ba da babbar murya, gajeruwa tana ba da siririya. Saboda haka tashar da take magana a kan mita 19 tana bukatar waya mai tsawon kusan mita tara da rabi, in kuma ana so muryar ta nufi wata ƙasa musamman, sai a jera irin wannan waya da yawa a rataye tsakanin dogayen ƙarafa. Igiyar gajeren zango takan hau sama, ta bugi wani sashen sararin sama mai ɗauke da lantarki, ta sauko a ƙasa mai nisan dubban kilomita. Ta haka ne murya daga wata ƙasa take shiga zauren wani ƙauye a Katsina.

'Yan mishan ba su yi jinkirin gane amfanin wannan ba. A ranar Kirsimeti ta 1931 tashar HCJB ta fara watsa Bishara daga birnin Kito na ƙasar Ekwado. Birnin yana kan duwatsu, kimanin mita 2,800 bisa teku, iskar wurin kuwa ba ta da kauri. Sa'ad da suka kafa injin mai ƙarfi, sai wuta ta riƙa tashi a bakin sandunan eriyar da dare, har ƙarfen yana narkewa yana ɗiga. Injiniyan tashar, Clarence Moore, ya lura cewa a tsinin sandunan ne wutar take taruwa. Sai ya ce, to, a yi eriyar da ba ta da tsini. Ya lanƙwasa wayar ta zama murabba'i, bakinta ya haɗu da gindinta. Wannan a shekarar 1942 ke nan. Matsalar ta kau, masu rediyo a duniya kuma suka ɗauki irin wannan eriya suna amfani da ita. Moore ba shi da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Tunani ne, da littattafai, da gwaji a kan tsani.

A Afirka ta Yamma, mishan ɗin SIM ya buɗe tashar ELWA kusa da Monrobiya ta ƙasar Laberiya a watan Janairu 1954, tana da shirye-shirye da Hausa. A watan Fabrairu 1963 Tarayyar Lutheran ta Duniya ta buɗe tata babbar tashar a Adis Ababa ta ƙasar Habasha, da injuna biyu na gajeren zango, kowanne mai ƙarfin kilowat 100. A Jos ake shirya mata shirye-shiryen Hausa da sunan Muryar Bishara, na Fulatanci kuma a Ngaundare ta ƙasar Kamaru. A ɗauki wa'azi da waƙoƙi a faifai, a aika da su Habasha, su komo ta iska. Sashen Hausa na BBC ma ya fara a watan Maris 1957. Saboda haka Bahaushen da ya yi nisa da gida, ko a Kumasi yake ko a Bangui, in yana da akwatin rediyo da batir, zai iya jin harshen uwarsa da maraice.

Amma babbar eriya tana da nata rauni: wuri ɗaya take tsaye, wanda ya kama wurin kuwa ya kama muryar. A watan Maris 1977 gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar Adis Ababa. A 1990 yaƙin basasar Laberiya ya lalatar da ELWA. Masu sauraro da yawa suka murɗa akwatinsu suka ji shiru.

Eriya a shimfiɗe

A wannan lokaci duka, wasu injiniyoyi suna aiki da igiyoyi gajeru ƙwarai. In lantarki yana kai da kawowa sau miliyan 900 a daƙiƙa guda, kamar yadda yake a wayoyin hannu na farko da suka zo ƙasashenmu, tsawon igiyar santimita 33 ne kacal. Rubu'insa kuwa kimanin santimita 8. Ga eriya ta fara kusantar aljihu.

A 1952 injiniyoyin wani kamfanin Amurka, Grieg da Engelmann, suka nuna cewa irin wannan igiya za ta iya bin siririn layin jan ƙarfe da aka shimfiɗa a kan allo, muddin an rufe bayan allon da ƙarfe. A 1953 Georges Deschamps, haifaffen Faransa mai aiki a Amurka, ya kawo shawara cewa irin wannan shimfiɗa za ta iya zama eriya da kanta. Maganar ta kwanta kusan shekara ashirin. Sai a farkon shekarun 1970 Robert Munson da John Howell suka ƙera waɗanda suka yi aiki sosai. Ya kamata mu faɗi gaskiya a nan: ba domin gaisuwar 'yan'uwa aka fara yin su ba. Munson yana neman eriyar da za ta manne a jikin roka da makami mai linzami ne, wadda iska ba za ta karya ba.

Shimfiɗaɗɗiyar eriya tana da arha, gama ana buga ta a kan allo kamar yadda ake buga rubutu a kan takarda. Amma tsara ta yana da wuya. Kaurin allon, da irin abin da aka yi shi da shi, da kowace kusurwa, da kowane ƙarfen da yake kusa, duka suna sāke halinta. In aka yi kuskuren milimita guda, sai ta kauce daga zangon da ake so. Ƙa'idodin Maxwell suna da amsar, amma ba mai iya warware su da alƙalami sai in siffar abin mai sauƙi ce, kamar miƙaƙƙiyar waya ko ƙwallo. Injiniyoyi suka zama kamar telan da ba shi da magwaji: a yanka, a gwada, a zubar, a sāke yanka.

Yadda aka koya wa na'ura lissafin Maxwell

Mafita ta zo ta hanyar wata dabara da kowane manomi ya sani. Gonar da ta fi ƙarfin mutum a rana ɗaya, kunya-kunya ake nome ta.

A 1966 wani masanin lissafi mai suna Kane Yee, haifaffen ƙasar Sin mai aiki a Amurka, ya ce a rarraba sararin da eriya take ciki zuwa ƙananan akwatuna, kamar tubalan gini. A kowane akwati a riƙe lambobi shida, uku na lantarki, uku na maganaɗisu. Sai a lissafta maganaɗisun kowane akwati daga lantarkin maƙwabtansa, a matsa gaba da ɗan ƙanƙanen lokaci, a lissafta lantarki daga sabon maganaɗisun, a sāke matsawa. Haka za a yi ta yi, kamar mata biyu masu daka a turmi ɗaya, wannan ta sauke taɓarya wannan ta ɗaga. In aka maimaita sau dubbai, sai a ga igiyar tana tafiya cikin lambobin, tana bugun ƙarfe tana komowa, daidai yadda za ta yi a zahiri.

Bari mu ga yawan aikin. Ɗauki wuri mai santimita 10 a tsawo da faɗi da tsayi, ka yanka shi milimita-milimita. Ka sami akwatuna 100 sau 100 sau 100, wato miliyan ɗaya, da lambobi miliyan shida da za a sabunta a kowane taki. Na'urorin 1966 ba su da wurin ajiye wannan. Shi ya sa dabarar Yee ta zauna kusan shekara tara ba a kula da ita sosai ba, sai da Allen Taflove ya ɗauke ta a 1975 ya gyara ta ya yaɗa ta.

Roger Harrington na Jami'ar Syracuse ya bi wata hanya, ya bayyana ta cikin littafin da ya buga a 1968. Maimakon a yanka sarari duka, sai a yanka ƙarfen kaɗai gunduwa-gunduwa, a tambayi nawa ne lantarkin da yake gudu a kowace gunduwa. Amma kowace gunduwa tana taɓa dukan sauran, kamar 'yan kasuwa da kowa yake bin kowa bashi. In gunduwoyi 1,000 ne, to akwai lissafi miliyan ɗaya tsakaninsu da dole a daidaita gaba ɗaya. Wannan hanya ta dace ƙwarai da shimfiɗaɗɗun layuka da eriyoyi, gama ƙarfensu kaɗan ne, a fili ɗaya kuma yake.

Zuwa ƙarshen shekarun 1980 kwamfuta ta yi ƙarfi ta kuma yi arha, har kamfanoni suka fara sayar da shirye-shiryen wannan lissafi. Injiniya zai zana eriya a fuskar kwamfuta, ya sa mata batir da murfi, har da siffar hannu da kan mutum, gama jikin mutum yana shan igiyar. Sai ya ga yadda za ta yi aiki tun ba a yanka ƙarfe ko ɗaya ba. Zai iya gwada siffa ɗari a mako guda. A 1999 kamfanin Nokia ya fitar da waya mai lamba 3210, wadda eriyarta take ɓoye a ciki, aka sayar da kimanin miliyan 160. Daga nan ɗan ƙahon da yake kan wayoyin dā ya fara ɓacewa. Wayar zamani tana ɗauke da eriyoyi da dama, kowacce da aikinta, an lanƙwasa su an cusa a gefuna.

Sa'ad da muryar ta shiga hannun kowa

A Nijeriya wayar GSM ta fara aiki a watan Agusta 2001. A Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, inda wayar tangaraho ba ta taɓa wuce 'yan gidaje da ofisoshi ba, kamfanoni irin su Telecel da Orange, wanda ya shigo a 2007, suka kai waya hannun talaka. Ga ɗan kasuwar Kilomita Biyar wannan babban abu ne. Kayansa daga Duwala suke zuwa ta hanyar Garwa-Bulai, tafiyar kwanaki. Da waya zai san inda mota take, da farashin da ake ciki, da lafiyar iyalinsa a Garwa ko Kano. Gidajen rediyo na cikin gari su ma sun ƙaru: Cocin Katolika ya buɗe Rediyo Notre Dame a 1995, Rediyo Ndeke Luka kuma ta fara a watan Maris 2000.

Sai masifa ta zo. A ranar 24 ga Maris 2013 'yan tawayen Seleka, waɗanda yawancinsu Musulmi ne, suka kama Bangui, suka yi kisa da ƙwace, majami'u da gidajen masu bi da yawa suka sha wuya. A ranar 5 ga Disamba na shekarar, mayaƙan da ake kira anti-balaka suka kawo hari birnin. Ramuwarsu ta faɗa kan Musulmi farar hula waɗanda ba su ɗauki makami ba. Da yawa cikin masu wannan aiki suna amsa sunan Kirista, bai kuwa kamata mu ɓoye wannan ba. Aka rushe masallatai, dubban Musulmi suka gudu zuwa Chadi da Kamaru, waɗanda suka rage kuma suka taru a Kilomita Biyar, ba shiga ba fita sai da kasadar rai.

A wannan hali ɗan siririn ƙarfen nan ya yi aiki iri biyu. Da shi wanda aka kewaye yake kiran ɗan'uwansa ya ce yana da rai, da shi ake sanar da maƙwabci ya ɓuya. Da shi kuma jita-jita take ƙetare gari kafin gaskiya ta ɗaura ɗamara. A ranar 28 ga Mayu 2014 'yan bindiga suka kai hari majami'ar Notre-Dame de Fatima, kusa da unguwar, inda 'yan gudun hijira suke fakewa, suka kashe mutane. Gari ya hargitse, saƙonni suka yi ta yawo a wayoyi. A farkon watan Yuni gwamnati ta hana aika rubutaccen saƙo ta waya a ƙasar duka, hanin ya yi kusan wata biyu. A ranar 1 ga Mayu 2018 aka sāke kai wa wannan majami'a hari, aka kashe masu sujada tare da Fada Albert Toungoumale-Baba.

Duk da haka Allah bai bar ƙasar ba shaidu ba. Babban Bishop Dieudonné Nzapalainga, da Fasto Nicolas Guérékoyamé-Gbangou shugaban tarayyar ikkilisiyoyin bishara, da Liman Oumar Kobine Layama suka haɗa kai, suna zaga garuruwa tare, suna magana ta rediyo tare. Sa'ad da ran limamin yake cikin hatsari, a gidan bishop ya sami mafaka shi da iyalinsa. A ranar 30 ga Nuwamba 2015 Fafaroma Francis ya shiga Kilomita Biyar da kansa, ya ziyarci babban masallacin unguwar. Duniya ta ga hotunan wannan rana, da yawansu kuwa da wayar hannu aka ɗauke su.

Abin da ya rage gare mu

A zamanin Muryar Bishara, kafin magana ta kai eriya sai ta bi ta hannun mai rubutu, da mai dubawa, da mai ɗauka a faifai. Akwai lokacin tunani, akwai lokacin addu'a. Masu lissafi sun ƙanƙantar da eriyar har ta shiga aljihun kowa, amma masu dubawar ba su shiga tare da ita ba. Kowane mai bi da yake riƙe da waya ya zama tasha, shi ne kuma mai dubawar kansa.

Masu kimiyya sun iya lissafta inda igiya za ta bi, da ƙarfin da za ta isa da shi, har zuwa milimita. Abin da igiyar za ta ɗauka kuwa, wannan ba ya cikin ƙa'idodin Maxwell. Daga zuciyar mai magana yake fitowa. Manzo Yakubu ya keɓe sura ta uku ta wasiƙarsa ga zancen harshe, ƙaramar gaɓa mai babban aiki, ya kamata a riƙa karanta ta a taron matasa da na zumuntar mata sa'ad da ake zancen waya.

Saboda haka, ɗan'uwa, in saƙo ya shigo wayarka cewa an kashe wane a unguwa kaza, ko an ƙone majami'a a gari kaza, dakata tukuna. Wa ya gani da idonsa? Yaushe abin ya faru? In ka tura shi gaba, wa zai kwana lafiya, wa kuma zai rasa ransa? Kira fastonka, ko wani amintacce da yake zaune a wurin, ka tabbatar. In kana da maƙwabci Musulmi, ajiye lambarsa, ka zama na farkon da zai kira shi ranar da gari ya ɗauki zafi. Mutanen Bangui sun sayi wannan darasi da tsada ƙwarai. Mu a Jos da Kaduna da Kano da Zinder mun san irin wannan rana, ba sai an ba mu labari ba.

Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon abin da ya sa a hannunmu, ya kuma ba mutanen Kilomita Biyar da dukan Bangui salama mai ɗorewa. Amin.